Cajar waya mai araha tana iya kisa? Amsa ga mai jin wuta a jikin wayarsa

Tambaya: Cajar da ta zo da wayata ta lalace, sai na sayi wata mai araha. Caji kam tana yi. Amma idan na taɓa gefen wayar tana kan caji nakan ji wani ɗan zir-zir kamar wuta na ja na kaɗan-kaɗan, wani lokacin allon ma ya riƙa danna kansa. Abokaina sun ce wutar caja bolt 5 ce kacal, ba abin da za ta yi wa mutum. Yarana kuwa sukan yi wasa da wayar tana jone. Akwai haɗari da gaske, ko tsoro ne kawai?

Amsa: Malam, ka zare wannan caja daga soket yau, kada ka jira sai gobe. Dalilin yana da ɗan tsawo, amma ina so ka fahimce shi sosai, domin wanda ya gane abin da ke cikin caja ba sai an sake yi masa gargaɗi ba.

Abokanka sun faɗi rabin gaskiya. Bolt 5 ba ta da ƙarfin da za ta ratsa fatar mutum ta yi masa lahani. Ko cajojin zamani masu saurin caji, waɗanda ke kai bolt 9 ko 12 ko 20, ba su kai matakin da ake jin tsoro ba. Abin da suka manta shi ne caja baki biyu gare ta. Bakin da ke shiga waya shi ne mai bolt 5. Wanda ke shiga soket kuwa wutar gida yake sha kai tsaye: bolt 230 ko kusa da haka a Turai da Afirka da yawancin Asiya, bolt 120 a Amurka da Kanada. Duka biyun suna zaune ne a cikin ɗan akwatin roba guda wanda bai cika tafin hannu ba. Tambayar da ya kamata a yi ita ce: me ya raba su, kuma yaya ƙarfinsa?

Ga abin da ke faruwa a ciki. Wutar gida tana shiga ne tana kai da komowa sau 50 ko 60 a daƙiƙa. Caja takan fara miƙar da ita ta koma mai tafiya hanya ɗaya, ta tara ta a cikin kafasita, wato ɗan abin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci. A nan ƙarfinta ma ƙaruwa yake yi: bolt 230 takan koma kusan 325, bolt 120 kuma ta koma kusan 170. Daga nan wani ɗan makunni na lantarki ya riƙa datsa ta yana saki, sau dubbai a kowace daƙiƙa, yana tura ta cikin wani ƙaramin taransifoma. Taransifomar nan naɗi biyu ne na siririyar wayar tagulla a kan ƙarfe guda. Naɗin farko yana ɗauke da babbar wutar, na biyu kuma shi ke fitar da ƙaramar. Ba sa taɓa juna. Ƙarfin maganaɗisu ne ke tsallakar da makamashin daga wannan zuwa wancan. Saboda haka a caja mai kyau babu wata hanyar ƙarfe ko ɗaya da ta haɗa soket da hannunka.

Wannan rabuwa ita ce katangar da ranka ya jingina da ita duk lokacin da ka riƙe waya tana caji. Wurare uku ake gina ta, kuma a nan ne mai ƙera cajar banza yake rage kuɗi.

Na farko shi ne cikin taransifoma. A caja ta ƙwarai, naɗi na biyu ana yin sa ne da wayar tagulla mai rufi ninki uku, ko a shimfiɗa tef mai hana wuta wucewa, falle kan falle, tsakanin naɗin biyu, a kuma bar tazara a gefe. A ta banza sai ka buɗe ka tarar da waya mai fenti kawai a ɓangarorin biyu, da tef falle ɗaya ko biyu tsakaninsu, wani lokacin ma bakin wannan waya na kwance a kan wancan. Fentin nan siriri ne ƙwarai. Zafi yana gasa shi yau da gobe har ya tsage, ranar da ya tsage kuwa wutar soket ta samu hanya.

Na biyu shi ne tazarar da ke kan fanel, wato ɗan allon da aka dasa kayan a kai. Ƙa'idojin aminci na duniya, irin su IEC 62368-1 wanda ya maye gurbin tsohon IEC 60950-1, sun tanadi nisan da dole a bari tsakanin layukan babbar wuta da na ƙarama. Ga caja irin ta waya a wutar 230, nisan ya kama kusan milimita 5 zuwa 6 a kan fuskar fanel. Masu ƙira na kirki har tsaga suke yi a fanel ɗin, su cusa ɗan fallen roba a ciki don ƙara nisa. Injiniya Ken Shirriff, wanda ya yi suna wajen farke cajoji yana auna su tun 2012, ya nuna jabu da tazararsu ba ta wuce milimita ɗaya ba, wasu ma ba su kai ba. Milimita ɗaya fa, Malam. Ƙura ta taru a wurin, danshi ya sauka a kanta, ko ƙaramin ƙwaro ya shiga ya mutu, ko ɗigon dalma ya ɓalle ya faɗa tsakani, shi ke nan an haɗe. Ko ba wannan, idan wuta ta yi tsalle farat ɗaya, kamar lokacin tsawa ko lokacin da aka dawo da ita bayan ɗaukewa, tartsatsi yana iya tsallake irin wannan ɗan rata cikin sauƙi.

Na uku shi ne wanda ya shafi zir-zir ɗin da kake ji, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Yawancin cajoji suna da wata ƙaramar kafasita da aka ɗora da gangan ta haye katangar, ƙafa ɗaya a ɓangaren babbar wuta, ɗaya a ɓangaren ƙarama. Amfaninta shi ne shanye hayaniyar lantarki da datsawar nan mai sauri ke haifarwa, don kada ta dami rediyo da sauran na'urori. Tunda ita kaɗai aka yarda ta haye, ba kowace iri ake sa wa ba. Akwai ajin musamman da ake kira Y1, mai jure tsallen wuta na dubban bolt, wanda aka ƙera yadda idan zai mutu sai ya yanke, ba ya haɗe ba. Ta cikin wannan kafasita wata 'yar wuta takan tsiyayo zuwa jikin waya, ko da cajar ta asali ce. Ƙa'ida ta daɗe da iyakance wannan tsiyaya a wajen kashi ɗaya cikin huɗu na miliamfiya ɗaya (miliamfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne, guda dubu ke yin amfiya ɗaya), kuma cajoji masu kyau sukan tsaya ƙasa da haka nesa. Shi ya sa wani kan ji kamar jikin kwamfutarsa ta ƙarfe yana ɗan karkarwa idan ya shafa shi da bayan hannu, musamman in yana tsaye ba takalmi. Mai gyara ma idan ya ɗora mita tsakanin jikin wayar da ƙasa yana iya ganin bolt 100 ko fiye, testa kuma ta ɗan kawo haske, alhali abin da ke bayan wannan adadi ba shi da ƙarfin cutarwa.

To ka ga ba kowane zir-zir ne alamar mutuwa ba, kuma ba zan ce maka haka ba don in tsorata ka. Sai dai mai ƙera jabu ba Y1 yake sawa ba. Kafasita ta gama-gari yake ɗorawa, wadda ba a yi ta don wannan matsayi ba, ita kuwa in ta gaji haɗewa take yi. Daga hannunka ba za ka iya bambance tsiyayar da ƙa'ida ta yarda da ita da wadda ke nuna katanga ta fara rubewa ba. Abubuwa biyu a tambayarka su suka sa na ce ka zare ta: zir-zir ɗin bai fara ba sai da ka canja caja, sannan allon yana danna kansa. Allon waya yana gane yatsa ne ta hanyar auna ɗan canjin lantarki ƙanƙani, don haka idan caja tana turo wuta mai datti sai ya ruɗe. Wannan shaida ce cewa an yi rowar kayan tace wuta. Wanda ya yi rowa a abin da mai saye zai iya lura da shi, me kake zaton ya yi a wurin da ba mai gani?

Yanzu mu duba abin da ke faruwa ranar da katangar ta faɗi. Jikin waya na ƙarfe, da bakin kebul, da ƙarfen iyafis mai igiya, duk a haɗe suke da layin ƙasa na cajar. Da zarar babbar wuta ta tsallako, dukkansu sun zama kamar ka kama wayar soket tsirara. Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta bi ta jiki, ana auna ta da miliamfiya. Daga rabin miliamfiya zuwa ɗaya mutum ke fara ji. A wajen 10 tsokar hannu takan ƙanƙame, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, kuma waya abu ce da ake riƙewa a dunƙule cikin tafi. Daga wajen 30 zuwa sama numfashi kan shiga matsala, in ta ƙaru ta kuma bi ta ƙirji sai zuciya ta bar bugawa ta koma karkarwa, jini ya daina zagayawa. Mintuna kaɗan ke nan tsakanin mutum da ajali in ba a kai masa ɗauki ba.

Busasshiyar fata tana tare wuta sosai, turjiyarta kan kai om dubu goma-goma. Jiƙaƙƙiya kuwa, ko da gumi ne, tana iya saukar da turjiyar jiki gaba ɗaya zuwa kusan om 1,000. Raba bolt 230 da om 1,000, ka samu amfiya 0.23, wato miliamfiya 230. Ka kwatanta da 30 ɗin da muka ambata. Wannan lissafi shi ya sa caja guda za ta ja mutum biyu, ɗaya ya yi tsalle ya yar da waya yana salati, ɗayan kuma a ɗauki gawarsa. Na farko yana zaune a kan katifa, hannu a bushe. Na biyu ya fito daga wanka, ƙafa ba takalmi a kan siminti mai laima, ko ya jingina da ƙarfen taga, ko ɗaya hannun yana kan wata na'ura mai atin, wato wadda aka haɗa jikinta da ƙasa. Yara kuma fatarsu ta fi taushi, hannunsu ba ya rabuwa da danshi, ga sa bakin kebul a baki.

Ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A watan Yulin 2013 wata ma'aikaciyar jirgin sama 'yar shekara 23 ta rasu a yankin Xinjiang na China lokacin da ta ɗauki iPhone ɗinta tana kan caji, rahotanni kuma suka nuna cajar ba ta kamfanin ba ce. Wata guda bayan haka Apple ya buɗe shirin karɓar cajojin da ake shakka a kansu yana ba da nasa a kan rangwame. A watan Afrilun 2014 an tsinci gawar wata mata 'yar shekara 28 a garin Gosford na Ostareliya, da abin sauraro a kunnenta, ga ƙuna a kunnuwa da ƙirji, wayarta jone da wata caja mai araha. Hukumar kare masu saye ta jihar New South Wales ta fitar da gargaɗi a kan irin waɗannan cajoji bayan rasuwarta.

Gwaje-gwajen da aka yi a ɗakin bincike ma sun fi ba ni tsoro, domin su ke nuna yawan abin. A 2016 kamfanin gwajin aminci na UL ya sayi jabun cajojin iPhone guda 400 daga ƙasashe takwas, ya yi masu gwajin ƙarfin katangar nan, wato a ɗora babbar wuta tsakanin bakin shiga da na fita a ga ko za ta keto. Uku kacal suka tsallake. A shekarar ce kuma Apple ya shigar da ƙara a Amurka, inda ya ce kusan kashi 90 cikin 100 na cajoji da kebul ɗin da ya saya a Amazon da sunan nasa ne, jabu ne. A 2017 ƙungiyar Electrical Safety First ta Birtaniya ta gwada guda 50 na jabu da masu kwaikwayo, 49 suka faɗi. Ka lura, waɗannan cajoji yawancinsu suna yin caji. Da ka jona su waya za ta nuna alamar tana shan wuta. Don haka "ai tana caji lafiya" ba hujja ba ce ko kaɗan. Yin caji aiki ne mai sauƙi da kaya ƙalilan ke iya yi. Kare ran mai riƙe da waya shi ne mai cin kuɗi, shi ne kuma ba a gani daga waje.

Kada a fahimce ni a karkace: ba ina cewa sai cajar kamfanin da ya ƙera wayar ba, ba kuma tsada ce ke sa abu ya zama lafiyayye ba. Akwai kamfanoni masu zaman kansu da ke yin cajoji nagari a farashi mai sauƙi, suna kai su gwaji, suna buga sunansu da adireshinsu a jiki. Manyan ma sukan yi kuskure. Apple kansa ya janye ƙaramar cajar iPhone 3G a 2008 saboda ƙafafunta na iya karyewa su maƙale a soket, ya kuma janye wasu kawunan filogi a 2016 saboda suna iya karyewa. Bambancin shi ne mai suna yana da abin da zai rasa, ana iya kama shi, yana iya kiran kayansa su dawo. Wanda ya ɓoye sunansa ko ya saci na wani, wa zai kira?

A ganina jabun da ke ɗauke da tambarin babban kamfani ya fi wanda ba shi da suna muni, domin ya riga ya nuna maka cewa ƙarya ce sana'arsa. Duk wani tambarin aminci da ya buga a jiki, ka ɗauke shi a matsayin zane kawai. Ko alamar CE ta Tarayyar Turai, a irin waɗannan kaya, mai ƙira ne da kansa yake shelanta cewa ya cika sharuɗɗa, ba wata hukuma ce ke gwada kowace caja kafin a buga ta ba. Haka alamar murabba'i biyu, ɗaya cikin ɗaya, wadda ke nufin rufi ninki biyu: a caja ta gaskiya alkawari ne mai nauyi, a jabu kuwa tawada ce.

To yaya mutum zai gane? Gaskiya ido kaɗai ba ya isa, amma yana rage hasara. Duba rubutun jiki: sunan kamfani, lambar samfuri, ƙarfin shiga da na fita. Rubutu mai dusashewa, ko kuskuren haruffa, ko rashin sunan kowa, duk alamu ne. Girgiza ta kusa da kunne, kada ka ji wani abu na motsi. Matsa mahaɗin robar, kada ya buɗe. Ƙafafun su zama daidai, ba sa lilo, su shiga soket ba da dole ba kuma ba sakwa-sakwa ba. Da can nauyi yana taimakawa, domin jabu ba shi da kaya da yawa a ciki, amma masu yin sa sun gano haka, har guntun ƙarfe suke mannawa a ciki don ya yi nauyi, wannan ƙarfe kuwa wani sabon haɗari ne in ya ɓalle. Bayan ka fara amfani da ita, ɗumi kaɗan ba komai ba ne. Zafin da ba ka iya riƙewa, warin roba mai ƙuna, ƙara mai tsiwa ko tartsatsi, canjin launi, allo mai ruɗewa, ko jan hannu, kowanne ɗaya ya isa dalilin rabuwa da ita. Mafi inganci duka shi ne wurin saye: wakilin kamfani ko dillalin da zai ba ka rasit ya kuma karɓi kayansa in sun ba da matsala. Idan farashin ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka san irin wannan caja da shi, wani abu aka cire, kuma ka riga ka san ko mene ne.

Akwai wani ɓangare da ake yawan mantawa da shi, wato adafta da ekstenshan. Adaftan nan mai karɓar kowane irin filogi, ramukansa manya ne, sau da yawa ba su da murfin kariya, wasu ma suna barin a cusa ƙafa ɗaya ta filogi ɗayar tana waje da wuta a jikinta. Filogin Birtaniya mai ƙafa uku, na ƙa'idar BS 1363, an tsara shi da fis a ciki, da rufin roba a gindin ƙafafu biyu masu wuta, soket ɗinsa kuma da murfin da ba ya buɗewa sai doguwar ƙafar ta shiga. Na kwaikwayo sukan zubar da duk wannan. Ka samu caja mai kyau ka ɗora ta a kan irin wannan adafta, ka rushe rabin amincinta. Wasu mace-macen da aka ruwaito na masu caji a bahon wanka ma ba lalacewar caja ce ta jawo su ba: ekstenshan aka ja har bakin ruwa, wutar gida ta haɗu da jiƙaƙƙen jiki. A nan ko cajar da ta fi kowace inganci a duniya ba ta da abin da za ta yi. Waya mai jone da bango ba ta shiga banɗaki, ko da an rubuta cewa ruwa ba ya yi mata komai. Wayar ce ba ta jin ruwa, ba wutar ba.

Gado ma wuri ne da nake so ka kula da shi, saboda yara da matasa. Kebul da aka bari jone a ƙarƙashin matashi, bakinsa yana nan da wuta ko ba waya a jikinsa. Likitoci a jihar Michigan ta Amurka sun ba da rahoto a 2019 kan wata budurwa 'yar shekara 19 da sarƙar wuyanta ta taɓa bakin irin wannan caja tana kwance, ta ƙone ta a wuya. Ban da haka, caja da batir duk suna buƙatar iska don su huce. Bargo da katifa suna riƙe zafi, jabu kuma sau da yawa ba shi da fis ko abin da zai yanke wuta in ya yi zafi fiye da kima. Gobarar dare daga nan take tashi, lokacin da kowa ke barci. A yi caji a kan tebur ko wani abu mai tauri, nesa da labule da tufafi, a kuma zare kan cajar daga soket in an gama.

Kan batun amfani da waya tana caji, ga matsayina. Da caja ta ƙwarai, a busasshen wuri, ba laifi, don haka aka yi ta. Amma iyafis mai igiya yana kai layin cajar har cikin kunne, kusa da ƙwaƙwalwa, ta fata mai laushi da gumi, saboda haka ni ba na son a haɗa shi da cajin bango, balle ga yaro. Idan dole yara su yi kallo batir kuma ya yi ƙasa, a ba su fawa bank wanda ba a jone yake da soket ba a lokacin. Shi ba shi da wata alaƙa da wutar gida, don haka wannan haɗari bai taso ba, ko da yake shi ma a nemi mai kyau saboda batirinsa.

Abu ɗaya da zai kare gidanka gaba ɗaya, ba daga caja kaɗai ba, shi ne na'urar da ake kira RCD, wadda ake sawa a akwatin rarraba wuta. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Idan ta ga giɓin miliamfiya 30, alamar wuta na bi ta wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. A Amurka irinta ana kiranta GFCI, tana yankewa tun a wajen miliamfiya 5. Mutane da yawa suna zaton fis ko bireka na yin wannan aiki. Ba sa yi. Su wayoyin wutar gida suke karewa daga ƙonewa, ba sa motsi sai wuta ta kai amfiya da yawa, alhali ƙasa da rubu'in amfiya ɗaya ya isa ya tsayar da zuciya. Ka sa ƙwararren mai aikin wuta ya duba ko kana da ita, ya duba atin ɗin gidan, ya kuma nuna maka maɓallin gwajinta don ka riƙa dannawa lokaci-lokaci.

Ita kuwa cajar da ke hannunka, kada ka kai gyara, domin aibinta a ƙira yake, ba wani abu ne ya ƙone da za a canja ba. Kada ka ba wani, kada ka ajiye ta don ranar da aka rasa. Lanƙwasa ƙafafunta yadda ba mai iya jona ta, ka kai inda ake tara sharar kayan lantarki. Kada kuma a buɗe ta don kallo jim kaɗan bayan an zare, kafasitar ciki tana iya riƙe wuta na ɗan lokaci. In ka sayi sabuwa mai kyau ka ji jan bai daina ba, gwada wani kebul da wani soket. In ya ci gaba, mai yiwuwa matsalar tana wayoyin wutar gidan, a kira mai aikin wuta.

Allah ya kiyaye, amma idan wuta ta kama wani a gabanka, kada ka taɓa shi da hannu, kai ma za ta haɗa da kai. Kashe soket, ko zare filogi, ko sauke babban makunnin gida. In ba hali, tsaya a busasshen wuri ka ture wayar ko kebul ɗin da busasshen itace ko roba. Da ya rabu da wutar, duba ko yana amsawa kuma yana numfashi daidai. In ba ya yi, wani ya kira motar asibiti nan take, kai kuma ka kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ka ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har taimako ya iso. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata na kimanin minti 20, bayan an tabbatar an kashe wuta, ba a shafa mata komai. Ko da mutum ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, in wutar ta bar masa tabo, ko ya suma ko na ɗan lokaci, ko yana jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya ba daidai ba, ko yaro ne, ko mace mai ciki, a kai shi asibiti a auna zuciyarsa. Ƙunar lantarki takan yi ɓarna a ciki fiye da abin da ake gani a fata.